Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Yallaɓai Darakta kan abin da Jos take ci da shi

Yallaɓai Darakta, assalamu alaikum.

Tambayar da ka jefo mini a shirin rediyo na ranar Lahadi ta iso, kuma masu son ganin an yi ta sun tabbatar ta zaga WhatsApp kafin la'asar. Ka ce in nuna maka abu guda da Jos take sayar wa Najeriya yau ban da sanyi da labarin tashin hankali. Ka ce gari ne da kuza ta haifa kuma ya mutu tare da ita, sai kason wata-wata daga Abuja ke riƙe da numfashinsa. Ka rufe da shaguɓen cewa ina kare garin ne saboda gidan hayar da nake da shi a ciki. Wannan na ƙarshen ba zan ɓata tawada a kansa ba, domin ɗaliban da na koya wa labarin ƙasa har na yi ritaya sun san abin da alli ya tara mini. Maganar da ta tsaya mini a rai ita ce ta cima-zaune, musamman da ta fito daga bakin wanda aka yanke wa cibiya a unguwar Gangare ta Jos.

Sanyin da ka yi wa dariya shi ne jarin garin. Jos tana zaune a kan tudun da ya haura mita 1,200, duwatsun Shere da ke gabashinta sun kai mita 1,800, kuma ruwan sama na kusan milimita 1,400 yake sauka a shekara. Daga wannan tsaunin kogin Kaduna ya taso, daga nan Gongola ta taso, Dilimi kuwa da ka yi iyo a cikinta kana yaro ita ce take gangarawa ta haɗu da kogin Jama'are har ruwanta ya nufi Tafkin Chadi. Saboda tsayin ƙasar ne dankalin Turawa yake yi a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi yadda ba ya yi a kusan ko'ina a ƙasar nan, kuma mafi yawan wanda ake ci a Najeriya daga Filato yake fita. Wanda ya je kasuwar Farin Gada da sanyin safiya zai tarar da 'yan dako sanye da hular sanyi suna loda buhunan kabeji da karas waɗanda jar ƙasar lambu ba ta gama bushewa a jikinsu ba, dillali yana ciniki da waya a kunne, motocin Anaca da Fatakwal da Legas sun yi layi. Wasu motocin kuma Hawan Kibo suke gangarawa, su bi ta Akwanga da Keffi, su sauke a kasuwannin Abuja kafin ka fita ofis. Latas da kokwamba da koren wake da ake jera muku a liyafar Maitama, Yallaɓai, ba a harabar Sakatariyar Tarayya aka shuka su ba.

Kan kuza kuma, tarihin da ka bayar gajere ne ƙwarai. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Liruwe suna narka ta suna sayarwa. Bayan Baturen haƙar ma'adinai Kanar Laws ya kafa sansani a Naraguta a farkon ƙarnin da ya wuce, aikin ya girma har aka shimfiɗo ƙaramin layin dogo daga Zariya wanda ya iso a 1914, babban layi kuma ya hauro daga Kafanchan a 1927. Kamfanin NESCO da aka kafa a 1929 ya riƙa samar da lantarki daga faɗuwar ruwan Kurra kusan shekara arba'in kafin a buɗe madatsar Kainji a 1968. A 1943, bayan Japan ta ƙwace ma'adinan Malaya, Ingila kuma ta rasa inda za ta dafa, an haƙo fiye da tan 17,000 a nan. Da ƙarfin tsiya aka yi wannan aiki, domin mutane aka ɗebo daga lardunan Arewa a abin da iyayenmu suke kira ɗiban gwamna, suka ɗauki ƙasa da kwanon sarki a cikin sanyin da ba su saba da shi ba, da yawa ba su koma gida ba. Berom da Anaguta da Afizere su kuma gonakinsu aka farke. Kuɗin ya tafi Landan da Legas da Kaduna. Idan ana lissafin wanda ya ci na wani, daga wannan shafin ya kamata a fara, kuma ina tunatar da kai cewa a lokacin nan inda ofishinka yake yanzu gonar doya ce ta Gbagyi, tunda sai a 1976 aka zana Abuja a takarda, sai a 1991 gwamnati ta tare.

Gaskiya ne kuza ta ja baya. Wadda take kusa da saman ƙasa ta ƙare, man fetur ya ɗauke hankalin hukuma, kasuwarta ta duniya kuma ta rushe a 1985. Abin da manyan kamfanoni suka bari shi ne ɗaruruwan kududdufai da tulin ƙasa daga Rayfield zuwa Bisichi da Sabon Gidan Kanar, ba tare da an tilasta musu cike su ba. Talakan da kake kira cima-zaune shi ya dasa injin ban-ruwa a bakin waɗannan ramuka ya mai da su lambun rani, yana fitar da tumatir da tattasai a watannin da ƙasa take ƙone a wasu wurare.

Ba zan tsaya dogon bayani kan cibiyoyi ba, tunda ka san su. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana yin allurar rigakafin shanu da kaji tun zamanin Turawa, an kafa ta a 1924. Gidan tarihin Jos na 1952 yana ajiye da gumakan Nok. Jami'ar Jos ta tsaya da ƙafarta a 1975, cibiyar nazarin manufofin ƙasa ta Kuru kuma ta zo a 1979, wadda na ji an ce kai ma ka sha neman a tura ka can. Biskit ɗin NASCO da ka ci a firamare har yau a nan ake gasa shi.

Rikici kuwa ba abin da za ka koya mana ba ne. Mu muka yi jana'iza a 2001 da 2008 da 2010, mu muka ga unguwanni sun rabu, kuma har gobe da sauran gyara. Amma manomin Bokkos yana ci gaba da kawo dankalinsa wa dillalin Bahaushe, shi kuma ya loda wa Inyamuri, a kan amanar da ba a rubuta ba. Masu ambaton sunan Jos sai an yi gawa su ne suka fi amfana da mummunan sunanta, kuma ban rasa lura da cewa tambayarka ta zo ne daidai lokacin da ake raɗe-raɗin kana neman kujera a wata jiha ba, inda zagin garin haihuwa yake iya zama shaidar biyayya.

Abin da ya durƙusar da wani sashe na tattalin arzikin garin nan a fili yake. Kasuwar Terminus, wadda 'yan kasuwa daga ƙasashe maƙwabta suke zuwa sari a cikinta, ta ƙone a Fabrairun 2002, aka shafe fiye da shekara ashirin ana alƙawarin sake gina ta yayin da masu shaguna suka koma baza kaya a bakin titi. Kamfanin mulmula ƙarfe ya yi shiru. Layin dogon da ya kamata ya kwashi dankali zuwa kudu ciyawa ta cinye shi, tashar kaya ta tudu da aka ware wa Heipang ta daɗe a bakin masu jawabi, manomi kuma ba shi da rumbun sanyi, shi ya sa yake karyar da kayansa da kaka ko ya zuba ido su ruɓe idan mota ta lalace a Hawan Kibo. Yawancin waɗannan takardu a teburan Abuja suke kwana, kuma kai ka yi shekaru kana sa hannu a ɗaya daga cikin teburan nan. Tunda a bainar jama'a ka tambaye ni, a bainar jama'a nake roƙon ka faɗa wa mutanen Gangare wace takarda ta garinsu ka taɓa ɗagawa daga ƙasan tari ka kai gaban minista, da kuma shekarar da ka yi hakan.

Wassalam.

Tsohon malaminka na labarin ƙasa,
Jos