Littafin da Aka Ajiye Ba a Gurbinsa Ba Ɓatacce Ne

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan ɗakin karatu na jama'a, wato laburare, wanda na daɗe ina ziyarta duk ranar da na samu sarari.

Daɗin wurin yana cikin yawo tsakanin kantocin littattafai. Mutum zai shiga neman littafi a kan noma, sai idonsa ya faɗa kan wani a kusa da shi mai bayanin kiwon zuma, ya zaro shi ya fara dubawa a tsaye, kafin ya ankara sa'a guda ta shuɗe. Wannan dacen yana da tushe, domin tsarin da Melvil Dewey ya fitar a Amurka a shekarar 1876 ya kasa ilimi gida goma, daga lamba 000 zuwa 999, ta yadda littattafan fanni ɗaya suke maƙwabtaka: noma a 630, kiwon zuma a 638. A da ma mai karatu ba ya isa ga kanta, sai dai ya miƙa buƙatarsa ma'aikaci ya shiga ciki ya ɗauko masa, kuma a Ingila sai a 1894 wani laburare a unguwar Clerkenwell ta Landan ya fara barin jama'a su zaɓa da hannunsu.

To, a nan kuma takaicin yake. Kwanakin baya na nemi wani littafin noma wanda kwamfutar laburaren ta nuna yana nan, ba wanda ya are shi, amma sau uku ina zuwa ina tarar da gurbinsa wayam. Daga baya na ci karo da shi a layin 360, inda wani, wataƙila da kyakkyawar niyya, ya mayar da shi bayan ya karanta lambarsa ta 630 a matsayin 360. Akwai kuma ɗaliban da ke cusa littafi a bayan wasu idan jarrabawa ta ƙarato domin kada wani ya riga su, ga lambobin da suka koɗe a ƙeyar littattafai har sai mutum ya durƙusa yana ƙanƙance ido. Masanin nan ɗan Indiya, Ranganathan, ya sanya kiyaye lokacin mai karatu cikin ƙa'idoji biyar da ya shimfiɗa wa laburare a 1931, kuma ita ce ƙa'idar da na ga an fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Don haka ina kira ga hukumomin ɗakunan karatu da su ware lokaci kowace safiya ma'aikata su bi kantoci suna duba jerin lambobi, su sabunta waɗanda suka goge, sannan su ajiye tebur a ƙarshen kowane layi. Mu kuma masu karatu, idan mun gama da littafi, mu bar shi a kan teburin, ma'aikaci ya mayar da shi.

Naka,
Wani mai ziyartar laburare