Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ƙirƙire-ƙirƙire, Kimiyya da Fasaha

Mai girma Minista,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, kuma maganata a kan bajekolin kimiyya da ƙere-ƙere ne da ma'aikatarka ta fara shiryawa a Abuja a 2017, zamanin tsohon minista Dakta Ogbonnaya Onu. Abin a yaba ne. A fili ɗaya mutum zai ga aikin hukumar sararin samaniya NASRDA, da cibiyar binciken masana'antu FIIRO ta Oshodi, da cibiyar ƙere-ƙere PRODA ta Inugu, ga kuma namu na Zariya, wato NARICT mai binciken sinadarai da NILEST mai aikin fata.

Sai dai labarin da ya fi iso mana bayan an tashi shi ne wane ya buɗe taro, rumfuna nawa aka kafa, jama'a sun yi cincirindo. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Wanda ya shigo ya fita, da me ya ƙaru?

Na taɓa kai ɗalibaina wani ƙaramin bajekoli a nan kusa da mu. Sun kwaso takardun talla, sun ɗauki hotuna a gaban farantan sola. Da muka koma aji na tambaye su, yawancinsu hirar cikin mota da shinkafar da aka raba suka fi tunawa. Amma akwai yarinya guda da wani masani ya ɗiga mata ruwan kududdufi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta ga ƙananan halittu na wutsil-wutsil. Ya tsaya ya yi mata bayani da Hausa. Tun daga ranar ta addabi mutanen gidansu da zancen tafasa ruwa, ta kuma addabe ni da tambayoyi. A lissafin masu taron, ita da waɗanda suka tuna shinkafa duk ɗaya ne: kawuna aka ƙirga.

Auna irin wannan ba ya cin kuɗi mai yawa. A yi wa wasu daga cikin baƙi 'yan tambayoyi a bakin ƙofa lokacin shiga, a maimaita lokacin fita. Wanda ya yarda ya ba da lambar wayarsa, a kira shi bayan wata shida, da harshen da yake ji, a ga abin da ya zauna. Amma don Allah kada a tambayi mutum ko ya ji daɗin taron. Mutanenmu suna da kara, ba wanda zai dubi idon mai masauki ya ce masa a'a. A tambaye shi me ya gani, me ya gwada a gida ko a shago, wa ya bai wa labari. Kuma a damƙa aikin ga malaman jami'a na waje, ba ma'aikatan da suka shirya taron ba.

Su ma masu binciken a tambaye su, don su ake mantawa. Mutum ya bar ɗakin gwajinsa, ya yi kwanaki a tsaye gefen injinsa yana bayani har murya ta dushe. Shin ya haɗu da mai zuba jari? Ya yi wa ƙirƙirarsa rajista ta hannun NOTAP, hukumar da ke taimaka wa masu ƙirƙira samun haƙƙin mallaka? Ko kuwa wani majemi daga Kano ya ce masa sinadarin nan ya yi tsada, ya koma ya sake lale? A ganina wannan ta ƙarshen ita ce riba mafi girma, kuma ba ta fitowa a hoto. Ga shi ƙarin girma a cibiyoyin bincike da jami'o'i ya fi dogara da maƙalun da aka wallafa, to in ba a rubuta wahalar rumfa a ko'ina, gobe ƙananan ma'aikata za a riƙa turowa su tsare tebur.

Haka yaran da suka yi fice a gasar matasan masana kimiyya ta ƙananan hukumomi 774: ina suke yanzu, me suke karantawa?

Roƙona, ranka ya daɗe, kafin a ware kuɗin bajekoli na gaba, a fitar da rahoton da zai amsa waɗannan tambayoyi, har da rumfunan da ba su tsinana komai ba, a sa shi inda malami irina zai iya karantawa.

Na gode.

Naka,
Malamin kimiyya daga Zariya