Godiya ga injiniyoyin da suka saita mana injin busar da riguna

Zuwa ga Shugaban Sashen Gyara da ma'aikatansa,

Assalamu alaikum. Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne domin abokan sana'armu ta buga zane a jikin riguna su ma su ji.

Tun da muka koma aiki da tawadar ruwa, injin busarwarmu mai bel ɗin da ke jan riguna ta cikin zafi ya hana mu sakat. Riga ta fito, ka taɓa ka ji ta bushe ƙayau, amma wanki biyu zane ya fara koɗewa. Mu kuwa magani ɗaya muka sani, ƙara wuta. Muka yi ta ƙarawa har fararen riguna suka fara toyewa a kafaɗa, matsalar tana nan jiya i yau. Sai na yanke cewa hita ce ta mutu, na kira ku ku kawo sabuwa.

Injiniyan da kuka turo ko akwatin hitar bai buɗe ba. Ya ce a jera riguna yadda aka saba, ya je bakin fita ya miƙa tafin hannu, sannan ya yafito ni. "Alhaji, sa hannunka nan." Iska ce mai gumi, kamar an buɗe banɗaki bayan wanka da ruwan zafi. Ya ce tawadarmu sai ta kai wajen digiri 160 take kama yadi, kuma ba za ta kai ba sai ruwan cikinta ya ƙare, domin muddin da ruwa, zafin yana tafiya ne wajen mayar da shi tururi, tawadar kuwa ba ta wuce digiri 100. Tururin da bai samu hanyar fita ba sai ya cika cikin injin, iska ta ƙoshi da danshi ta daina ɗauka. Allon da muke kallo zafin iska yake nunawa, ba na tawada ba. Ya ɗora na'urar awon zafi a kan jiƙaƙƙen zane, ta bi bel ta fito, na gani da idona.

Da ya zaro matatar iska, kunya ta kama ni: ɓurɓushin auduga ya lulluɓe ta kamar bargo. Ƙofar bututun fitar da iska kuma ashe yarana sun kusa rufe ta, wai kada zafi ya gudu. Ya wangale ta gaba ɗaya don mu ga illar wancan ɓangaren, nan take zafi ya faɗi, hita ta hau aiki ba hutu. Daga nan ya riƙa tura ƙofar kaɗan-kaɗan yana awo, ya fi awa a kan wannan kawai, har ya samu inda danshi ke fita zafi kuma ya tsaya. Ya sa alamar fenti a wurin. Ya rage gudun bel yadda riga za ta yi minti biyu da rabi a ciki, ya juya fankar da ke hura bakin injin, ya kuma rage wutar da muka ƙara.

Sabuwar hitar da ya zo da ita, a kwalinta ya koma da ita. Da ya so ya saka, ba wanda zai musa masa a cikinmu, ni na roƙa. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai.

Rigar gwajin da ya bar mana an wanke ta sau goma, mun ja zanen bai tsage ba. Yanzu kowace safiya sai an kakkaɓe matata kafin a kunna inji.

Ranka ya daɗe, a miƙa gaisuwata ga Injiniya da yaron da ya rako shi. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi.

Naku,
Mai masana'antar buga riguna