Tsakanin gado da makewayi tsofaffinmu ke faɗuwa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridar nan don mu yi magana da masu riƙon iyaye tsofaffi a gida, nan Damagaram da kewaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum wajen 684,000 kowace shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. Mu kuwa in tsoho ya faɗi sai mu ce tsufa ne, mu tashe shi, mu shafa masa man zafi. Alhali faɗuwar nan takan faru sau da yawa a hanyar gado zuwa makewayi, da dare ko gab da asuba.

A fara daga wurin kwana. Katifar ƙasa wahala ce ga wanda cinyarsa ta yi rauni. A sama masa gado mai tsayin santimita 45 zuwa 50, yadda in ya zauna a baki tafin ƙafarsa zai taɓa ƙasa sosai. In ya farka kada ya miƙe kai tsaye, ya zauna minti guda yana motsa ƙafafu, domin jini kan taru a ƙafa lokacin tashi, kai ya rasa isasshen jini, jiri ya kwashe shi. Abin ya fi muni da zafin Afrilu da Mayu, musamman ga tsohon da ke rage shan ruwa don gudun fitsarin dare. A ba shi ruwa isasshe da rana, a rage bayan magariba, a ajiye bokiti mai murfi kusa da gado, da tocila a gefen matashi saboda ɗaukewar wuta.

Dokin ƙofa, irin na gidajen Birni da aka ɗaga don tare ruwan damina, a shafa masa farin fenti ido ya gan shi, a sa abin dafawa a gefe. Tabarmar da bakinta ya naɗe, igiyar akuya, jarkokin ruwan da muke jerawa a tsakar gida, duk a kawar da su daga hanyarsa.

Makewayi shi ne babban aiki. Siminti mai sulɓi da karo suna santsi da zarar ruwan sabulu ya taɓa su. Magini ya sake daɓen, ya ja tsintsiya a kai tun yana ɗanye ya yi kaushi, ya karkata shi wajen magudana kada ruwa ya kwanta ya yi gansakuka. Mai walda ya haɗa marikin bututun ƙarfe mai tsayin santimita 85 zuwa 90. Sai dai a kula, bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa, ranar da aka dogara da ƙarfen ranar zai tumɓuke. A haƙa rami, a kafa ƙafafunsa da siminti, sannan babban mutum ya jingina da dukan nauyinsa ya gwada. Wanda tsuguno ya gagara a yi masa kujera mai rami a ɗora kan masai. Ƙofar ta riƙa buɗewa ta waje, a cire sakatar ciki. Alwala kuma a zaune, don tsayuwa da ƙafa ɗaya kan jiƙaƙƙen daɓe ana wanke ɗayar kasada ce.

Silifas da ya sha ƙasa a sauya shi da takalmi mai riƙe dunduniya. Sanda ta tsaya daidai wuyan hannu idan mutum ya miƙe ya saki hannunsa, a sa mata roba a gindi, a riƙe ta a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya, ba na mai ciwo ba.

Akwai kuskuren da tausayi ke jawowa, kuma shi ya fi damun mu: "Zauna Baba, a kawo maka", "Inna, bari yara su yi". Ƙafar da ba ta tafiya ƙarfinta zubewa yake, sai tsoro ya shiga, tsoron ya ƙara zaunar da mutum. A bar shi ya je masallacin unguwa da rakiya, a bar ta ta zaga gida. Safe da yamma ya tashi daga kujera ya zauna sau 10, ya dafa bango ya ɗaga dunduniya sau 10. Ga gwaji mai sauƙi: ya tashi daga kujera, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna. In ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye, a kai shi a duba shi, a tafi da duk magungunan da yake sha, domin na hawan jini, na suga da na barci suna iya sa jiri. A duba ido ma, yanar ido tana warkewa da aikin tiyata.

In an riga an faɗi, kada a ja shi da hannu. A duba tukuna. Ƙafa ta gajarce, ta juya waje, ba ya iya takawa? Alamar karayar ƙugu ke nan. Muna girmama masu ɗori, amma wannan ƙashin yana can ciki inda karan ɗori ba ya kaiwa, kuma doguwar kwanciya na jawo gyambon baya da ciwon huhu. A kwantar da shi kan abu mai ƙarfi a kai shi babban asibitin Damagaram a ɗauki hoto. Wanda ya bugu a kai kuwa a sa masa ido har makonni. Ruɗewa, yawan barci, amai ko ciwon kai mai ƙaruwa na iya nufin jini na taruwa cikin kai, a garzaya da shi ko da babu rauni a waje.

Mun gode da filin da kuka ba mu. Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan jinya, Damagaram