Takardar Koke Daga Masu Amyar Zuma Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Katsinan Maradi

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da rinjaye.

Ranka ya daɗe, mu ne talakawanka masu ɗaura amya a bakin dajin Baban Rafi da ƙauyukan Madarunfa. Wata cuta da muke gani a ƴaƴan zuma ce ta kawo mu ƙofarka.

Bana da muka sauke wasu amyoyi, wari ne ya fara tarbar mu, kamar na ɗanyar fata da ta kwana a ruwa. Murfin ramukan saƙa ya lotsa, ya yi duhu, ga ƴan huji a jikinsa. Wani dattijonmu ya tsoma tsinken ashana a rami guda ya jawo, sai ga tsutsar ta narke, tana bin tsinken kamar yauƙin kuɓewa, kusan santimita 3 kafin ta tsinke. Shiru muka yi gaba ɗaya.

Wannan ita ce alamar ruɓar ƴaƴan zuma da malaman dabbobi ke kira lok amerikan, wadda ƙwayar Paenibacillus larvae ke haddasawa. Ba ta kama mutum. Amma irinta na iya kwanciya cikin tsohuwar saƙa fiye da shekara 30, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta rufe ta kawai yake yi, ba ya kashe irin. Amya in ta raunana, ƙudan zuman maƙwabci su zo su wawashe ta, su kai cutar gida. A 2009 ta ɓulla a Afirka ta Kudu, masu zuma can sun ji jiki. Abin da ke tsayar da ita shi ne wuta: a haƙa rami, a ƙona amyar da saƙarta da dare, a binne.

Ga inda gizo ke saƙar, Zaki. Ba wanda zai cinna wa abincin iyalinsa wuta alhali na kusa da shi ya ɓoye tasa. Wasu ma sayar da tsohuwar amyar suke yi da araha. Ba mu ga laifinsu sosai ba, talauci ne.

Shi ya sa muke roƙon Sarki ya sa baki, ma'aikatan kiwo su zo su ɗebi saƙar a kai ɗakin binciken cututtukan dabbobi na LABOCEL a Yamai, a tabbatar mana. Kafin sakamako, hakimai da masu gari su yi shela a dakatar da cinikin tsoffin amyoyi, masu sayar da zuma a kasuwa kuma su riƙa rufe robobinsu don kada ƙudan zuma su sha su kwashi cutar. In abin ya tabbata, a yi ƙonawar ranar da Sarki ya tsayar, a gaban mai gari, wanda ya yi asara a tallafa masa da sabuwar amya kafin gawo ya yi fure.

Allah ya taimaki Sarki.

Talakawanka,
Masu amyar zuma na ƙasar Madarunfa