Barka da Sallah daga Sheffield, da Maganar Sunan Gidanmu

Sheffield, Ingila
10 ga Zulhajji

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Inna da dukkan mutanen gida. Bayan gaisuwa mai yawa da biyayya, ina yi muku barka da Sallah. Allah ya karɓi layyarku, ya maimaita mana, ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya. Mu nan lafiya ƙalau muke, ni da maiɗakina da yara, sai kewar gida da ba ta barin mutum a rana irin ta yau.

Mun sami Idi a masallacin unguwa. Wurin ba ya ɗaukar jama'a a tashi ɗaya, don haka kashi-kashi ake yin sallar, wasu na fita wasu na shiga. Da yawa daga masallaci wurin aiki suka zarce, domin a nan ba ranar hutu ba ce. Layya kuwa, doka ba ta yarda mutum ya kayar da rago a ƙofar gidansa ba. Mahauci kake ba kuɗi, a yanka a mayankar da hukuma ta amince da ita, sai gobe ko jibi ka je ka karɓi nama a kwali. Na san Baba zai ce wannan ai cefane ne, ba Sallah ba. Na kuma san a satin nan maƙera ba ta huta ba, daga masu kawo wuƙa a wasa musu sai masu neman gatarin saran ƙashi a daren jajibere. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da ƙarfin damtse.

Akwai maganar da nake so in kawo gabanku tun da yau kowa yana gida. Auta ya turo mini saƙo cewa zai yi rajistar jarrabawa, yana tambayar abin da zai rubuta a gurbin sunan mahaifi ko na zuriya. Da na zauna na duba, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. A katin ɗan ƙasa na Yaya, sunan Baba ne a wurin. A fasfona, sunan Kaka ne, Allah ya jiƙansa. Ƙanwarmu kuwa sunan garinmu makaranta ta sa mata, shi ne a duk takardunta. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma a takarda babu mai cewa mun haɗa ko da unguwa. Na ce wa Auta ya dakata, wannan maganar manya ce. Amma kafin Baba ya yanke, ina so in ba ku labarin wani suna na mutanen nan, don ina ganin ya shafe mu kai tsaye.

Sunan shi ne Smith. Babu sunan zuriyar da ya kai shi yawa a Ingila. Masu shi a Birtaniya sun haura 500,000, wato kusan mutum ɗaya a cikin kowane ɗari. A Amurka ma shi ne kan gaba: ƙidayar 2010 ta sami mutum 2,442,977 masu wannan suna. Haka yake a Ostireliya. A wurin aikinmu in aka kira Smith kawai ba a san wa ake nufi ba sai an haɗa da sunan yanka. To Baba, ma'anar wannan suna Maƙeri. A tsohon Turanci duk mai dukan ƙarfe haka ake kiransa.

Da, Turawan Ingila suna ɗaya gare su kamar yadda muke a ƙauye. In masu suna ɗaya suka yi yawa a gari sai a bambanta su da laƙabi: wane ɗan wane, wane na bakin rafi, wane dogo, wane maƙeri. Laƙabin yana mutuwa da mai shi, ɗansa ya sami nasa. Abin ya fara sauyawa bayan 1066, lokacin da Wiliyam na Nomandi ya tsallako daga Faransa ya ci ƙasar da yaƙi. Hakimansa ne suka fara riƙe suna ɗaya daga uba zuwa ɗa, saboda gadon ƙasa, don kada a yi gardamar wa ya mallaki me. Talakawa sun daɗe ba su shiga ciki ba. Abin da ya jawo su shi ne alƙalamin hukuma: takardar kotu, takardar haya ta gona, da uwa uba haraji. A 1377 aka ɗora harajin kai, kwabo huɗu a kan duk wanda ya wuce shekara 14, namiji da mace, aka sake ɗorawa a 1379 da 1381. Dole mai karɓa ya rubuta wanda ya biya, kuma ba zai rubuta Yahaya goma sha biyu a ƙauye ɗaya ba tare da bambancewa ba. Wajen 1400 yawancin gidajen Ingila sun riga sun sami sunan da ake gada. Sai kuma a 1538, zamanin Sarki Henry na Takwas, aka umarci kowace majami'a ta riƙa rubuta wanda aka yi wa wankan suna, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne. Daga nan suna ya kafe. Jikan maƙeri ko ya zama manomi, ko limamin coci, ko ɓarawo, Smith yake har kabari.

Harajin nan na 1381 shi ya tayar da boren talakawa, kuma jagoransu Wat Tyler shi ma sunan sana'a gare shi, mai rufin ɗaki da fale-falen laka. An kashe shi a Landan a filin da ake kira Smithfield, inda babbar kasuwar nama take. Mutum zai ɗauka filin maƙera ne, amma asalin wannan sunan shimfiɗaɗɗen fili yake nufi, bai haɗa komai da ƙira ba.

Dalilin yawan sunan ba sai na faɗa wa Baba ba, ya fi ni sani. Gari yana iya zama ba maɗinki, ba marini, amma ba ya zama ba maƙeri. Bakin garma, lauje, gatari, ƙusa, makulli, takalmin ƙarfe na kofaton doki, da kan kibiya in yaƙi ya tashi, duk hannu ɗaya suke fitowa. Kowane ƙauye a Ingila yana da nasa maƙerin, kuma a daidai lokacin da sunaye suke kafewa kowanne an rubuta shi da sana'arsa. Shi ya sa masu sunan Smith ba dangi ɗaya ba ne. Dubban gidaje ne da ba su san juna ba, wuta da masaba ce kawai ta haɗa kakanninsu. Har rabe-raben sana'ar sun bar sawu, kamar yadda muke da maƙeran baƙi da maƙeran fari: Goldsmith maƙerin zinariya, Arrowsmith mai ƙera kibiya. Wasu gidajen kuma sun sauya harafi suna rubuta Smyth ko Smythe, ni dai a ganina neman ɗaukaka ne, don duk toka ɗaya aka fito.

Daga baya sunan ya haɗiye waɗansu. Jamusawa masu suna Schmidt da suka yi ƙaura Amurka, da yawa sun mayar da shi Smith don su saje. A Ailan da Sikotilan akwai gidajen da sunansu a harshensu ɗan maƙeri yake nufi, su ma aka juya shi zuwa Turanci. Akwai kuma ɓangare mai ɗaci: bayi baƙar fata a Amurka, waɗanda aka raba da sunayen iyayensu, da yawa sun fito daga bauta a 1865 ɗauke da sunan gidan da ya mallake su. Don haka in ka ga baƙin Ba'amurke mai suna Smith, ba lalle kakansa ya taɓa riƙe awartaki ba. Wataƙila sarƙar da maƙeri ya ƙera ce aka ɗaure shi da ita.

Ba Turawan Ingila kaɗai ba ne. Kowalski a Folan, Kuznetsov a Rasha, Ferrari a Italiya, Haddad a ƙasashen Larabawa, duk maƙeri ne. Motar tseren nan mai tsada da su Auta suke liƙa hotonta a ɗaki, sunan gidan maƙera take ɗauke da shi.

Mu ma a Arewa mun ga namu Smith ɗin. Gwamnan Arewa daga 1954 zuwa 1957, wanda Kaka yake ambata da Mai Wandon Ƙarfe, sunansa Bryan Sharwood Smith. Waɗanda suka laƙaba masa wannan suna ba don sun san ma'anar nasa suka yi ba, amma dubi yadda ƙarfen ya biyo shi har Kaduna. Sai Farfesa Abdullahi Smith, Baturen da ya musulunta, ya koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda da hannunsa aka kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Ya sauya sunan yanka, amma bai taɓa na zuriya ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan garin da nake zaune. Sheffield garin ƙarfe ne tun fil azal, da wuƙa aka san shi a duniya. Ƙungiyar masu ƙera wuƙa ta nan tun 1624 take da doka, kuma har gobe duk shekara suna naɗa shugabansu, kusan abin da za mu kira Sarkin Maƙera. A nan ne Harry Brearley ya gano ƙarfen da ba ya tsatsa a 1913, irin wanda ake yin cokulan Inna da shi. Amma daga shekarun 1980 manyan masana'antun suka yi ta rufewa, dubban mutane suka rasa aiki. Har yanzu ana narka ƙarfe a garin, sai dai inji ne yake yi da mutane kaɗan. Na tambayi wani abokin aikina mai wannan suna ko ya san wani maƙeri a kakanninsa. Dariya ya yi, ya ce shi ko ƙusa in zai buga sai ya kira wani. Ya ce bai taɓa ganin ana zuga wuta ba sai a gidan tarihi. Na nuna masa bidiyon da Yaya ya turo bara, na wasan maƙera, ana kiɗan dundufa Baba yana ɗaukar jan ƙarfe da hannu. Shiru ya yi, sannan ya roƙi in tura masa ya nuna wa mahaifinsa.

Su suna da sunan, sana'ar ta fita daga hannunsu. Mu sana'ar tana hannunmu, amma babu takarda ɗaya a gidanmu da ta ambace ta. Kuma abin da haraji ya yi musu shekaru ɗari shida da suka wuce, shi katin ɗan ƙasa da lambar banki da fasfo suke yi mana yanzu. Da, suna yana tafiya da zamani: ɗa ya ɗauki na uba, jika ya ɗauki na ɗa, na kaka ya faɗi. Da makarantar boko ta zo, sai malamai suka riƙa liƙa wa yara sunan garinsu, shi ya ba mu su Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yanzu kwamfuta ce take riƙe suna, kuma abin da ta riƙe ba ta saki sai da rantsuwar kotu da sanarwa a jarida. Yarana nan an riga an rubuta su da sunan Kaka, don shi ne a fasfona, kuma a tsarin mutanen nan haka ’ya’yansu ma za su tashi da shi. Ko mun so ko mun ƙi, sunan da aka rubuta a shekarun nan shi jikokin jikoki za su amsa.

Shawarata, in Baba ya yarda, Auta ya rubuta sunansa, sai sunan Baba a tsakiya, sai Maƙera a ƙarshe. Sunan Baba bai faɗi ba, nasaba ta tsaya yadda addini ya ce a kira ɗa da ubansa, kuma gidan ya sami suna ɗaya da duk wanda aka haifa nan gaba zai shiga ƙarƙashinsa. Na san abin da Auta yake gudu. Yana tsoron tsokanar ’yan makaranta, a ce masa mai baƙin hannu, ɗan gawayi. Ni ma an yi mini. Amma a garin nan na ga wannan suna a jikin allon likita da na lauya, kuma daga 2007 hoton Adam Smith, masanin tattalin arzikin nan ɗan Sikotilan, ya yi shekaru a bayan takardar fam 20. Babu wanda ya taɓa cewa sunan ya rage masa wani abu.

Mu da muka riga muka yi takardu ba sai mun tayar da su ba, wahalar ta fi amfanin yawa. Daga kan Auta da ’ya’yan Yaya da ba a yi wa kati ba tukuna za a fara. In kuma Baba da Kawu suka ga sunan Kaka ya fi dacewa a tsayar, to shi ke nan, na bi, sai dai a tsayar da ɗaya. Don Allah Yaya ya karanta wa Kawu wannan takarda in ya zo gaisuwar Sallah, a yanke kafin a rufe rajistar.

Na tura goron Sallah ta hannun Yaya. A ciki akwai na Inna daban, da na Gwaggo, da abin da za a raba wa yara masu zuga. Inna, in an soya naman a ajiye mini nawa a cikin mai, wani ɗan garinmu zai je gida bayan Sallah, zan sa ya biyo ya gaishe ku, amma kada a ba shi nama ya taho da shi, ba a barin shigo da shi ƙasar nan. A ba ’ya’yan Yaya su ci a madadina. Abin da nake so ya kawo mini shi ne ƙaramar wuƙa ɗaya ƙirar Baba, mai kube, ya sa ta a babbar jakar da ake aunawa.

Maiɗakina tana gaishe ku da kyau, yara suna cewa a gaishe da Kaka da Kaka. A gaishe da Liman da Sarkin Maƙera da duk makwabta.

Wassalam.

Ɗanku na Ingila