Zuwa ga aminina, daga Argungu

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya sanyin Jos? Shirun nan naka ya isa haka. Wai da gaske ne ba za ka zo gida Babbar Sallah ba? Gwaggo ce ta tsegunta mini. Tun da amarya ta tare, ko gaisuwa sai an roƙe ka.

Wani gajeren labari ne ya hana ni sakat, kuma kai kaɗai za ka saurare ni. Sunansa "A Very Old Man with Enormous Wings", na Gabriel García Márquez ne, mutumin Kolambiya da ya ci kyautar Nobel a 1982. Ana cikin ruwan sama na kwana uku, ƙaguwa ta cika gida, jariri na fama da zazzaɓi, sai maigidan, Pelayo, ya tarar da wani tsoho kife cikin taɓo a tsakar gida, da manyan fukafukai. Maƙwabciya ta ce mala'ika ne. Ka san inda suka kai shi? Akurkin kaji! Matar gidan, Elisenda, ta shiga karɓar kuɗin kallo har suka gina bene.

Abin da ya kama ni shi ne muryar mai ba da labarin. Ko kaɗan ba ta rawa. Yadda ya faɗi ruwan sama haka ya faɗi fukafukan, har da ƙwarin da ke cikin gashinsu da warin jikin tsohon. Tatsuniya tana sallama da "ga ta nan, ga ta nanku", kowa ya san an bar duniyarmu. Shi wannan bai fita ko'ina ba, a tsakar gida ya ajiye maka abin al'ajabi. Haka fa tsofaffinmu ke ba da labarin Sarkin Ruwa da kadojin kogin Matan Fada, babu mai ɗaga murya.

Na karanta wa ɗalibaina fassarar da na yi. Nan take suka rabu biyu, mala'ika ne ko ba mala'ika ba ne. Na ce marubucin da gangan ya ƙi yanke hukunci. A cikin labarin, limamin cocin garin ma da ya yi masa Latinanci bai samu amsar da ya gane ba, ya koma rubuta wa na sama da shi takarda. Ni a ganina mutanen garin ake tuhuma. Sun jefe shi, sun fige masa gashi, sun ƙona shi da ƙarfen yi wa shanu lamba don ya motsa. Da aka kawo wata yarinya da ta rikiɗe gizo-gizo saboda saɓa wa iyayenta, duk suka watse suka koma can, don ita labarinta da darasi a fili. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ai shi tsohon bai ba su abin da za su maimaita ba ne." Wallahi har yanzu ina jin daɗin wannan magana.

Af, ƙanenka ya sayi injin ban ruwa, shinkafarsa ta fadama ta yi kyau ƙwarai, yanzu ko hula sai ya karkace ta. Baffa kuma ƙafar ta yi sauƙi.

Ƙarshen ne ke ci mini rai. Tsohon ya yi sabon gashi ya tashi sama, Elisenda na yanka albasa tana kallonsa ta taga, abin da ta ji kawai sauƙi ne, an rabu da ƙaya. Ka nemo shi ka karanta, ka faɗa mini ko na yi mata tsauri. Idan ka ga littafin a kasuwar Terminus ka saya mini, zan biya.

Ka gaida amarya da kyau.

Naka har kullum.